Awon da Baba Ya Yi wa Ummi

A bakin iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Benin, na gane cewa Turancin da nake taƙama da shi a aji bai wuce ƙofar makaranta ba. Mota ta sauke mu da hantsi, rana ta buɗe, mutane na ta kai-kawo kowa da yarensa. Wannan ya ja jakata ta nan, wancan ya ja ta can, kowa na rantsuwa shi ne zai tsallakar da ni. Hajiya Asabe, 'yar kasuwar da maigidana ya damƙa ni a hannunta tun daga Kano, ta fizge jakar ta ɗora mini a ka.

Ta ce, "Ke Malama Rabi, nan ba unguwarku Koki ba ce. Duk wanda ya yi miki murmushi, ki ƙara riƙe jakarki."

Ita atamfa take sarowa a Lome, hanyar ta zame mata tsakar gida. Ni kuwa iyakar tafiyata Zariya, shi ma biki ne ya kai ni. Kuma ba fatauci ya fito da ni ba, hannu na fito nema.

'Yata Ummi tana shekara tara injin markaɗe ya cinye mata yatsun hannun dama. A asibiti aka ceci tafin da wuyan hannun, yatsu kuwa sai haƙuri. Ciwon ya warke da wuri. Wanda ya ƙi warkewa a gidan suna aka yi mata shi. Wata tsohuwa baƙuwa ta miƙa mata alawa, Ummi ta sa hagu za ta karɓa, sai tsohuwar ta janye ta ce a gaban mata, "Wace marar tarbiyya ce wannan? Ba a koya miki karɓa da dama ba?" Baiwar Allah ba ta sani ba, da aka faɗa mata har hawaye ta yi. Amma magana zarar bunu ce. Daga ranar Ummi ta daina fita. Ta bar islamiyya, ta bar boko, hannun ya koma cikin hijabi ko a ɗaki, abinci ma sai ta ɓuya a bayan ƙofa take ci.

Ni malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata. Cikin bincike na ci karo da wasu masu aikin sa kai, warwatse a ƙasashe daban-daban, da suka zana hannun roba suka saki zanen kyauta: kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ƙera, ba neman izini. Idan yaro ya lanƙwasa wuyan hannunsa, sai zare ya ja yatsun su damƙe. Abin da ya rage shi ne na'urar da ke narka roba tana zuba ta layi-layi har abin ya ginu. Na yi cigiya a Kano, inda na ji ƙishin-ƙishin akwai ba a ma bari na leƙa ba. Sai wata ƙungiya a Lome ta amsa mini: ki zo, za mu koya miki, ki taho da awon hannun yarinyar.

Ummi ta ce ko zaure ba za ta taka ba, balle wata ƙasa. Kuma mutum ɗaya take yarda ya ga hannun, kakanta, mahaifina. Baba tela ne a Kasuwar Kurmi, da tef a wuya ya tsufa. Wa zai fi shi iya awo? Ya shiga ɗakin yana tsokanarta, "Amaryata, kawo in auna, kada a kawo miki hannun kishiya." Ya fito ya faɗa mini lambobin, na zuba a waya, na kama hanya da zuciya ɗaya.

A Kwatano ruwa ya tare mu, motar da muka shiga kuma ta mutu a tsakiyar wani titi da ya zama gulbi. Direba ya ce mu sauka mu tura, da ta tashi sai ya ƙara wuta ya bar mu tsaye, kayanmu ne kawai yaronsa ya wurgo mana. Hajiya Asabe ta bi shi da ashar da yare uku. Ni dai sanyi nake ji da yunwa, ga azahar na wucewa, ban ga inda zan sa goshi ba. Wata mai sayar da burodi ta dube ni ina ta waige-waige, ta ɗaga hannuwanta zuwa kunne tana tambayata da ido. Na gyaɗa kai. Ta janye tirenta, ta shimfiɗa mini kwali a cikin rumfar, ta tsaya a bakin ƙofa ta kare ni da jikinta har na idar. Da sarƙar gicciye a wuyanta. Na ba ta dambun naman da na yi guzuri, ta ɗanɗana, yaji ya kama ta, muka yi ta dariya ba wadda ta san abin da 'yar uwarta ke faɗa.

Muka isa Lome a gajiye, muka sauka a Zongo gidan wata dattijuwa, Mma Ladi, inda Hajiya ta saba sauka. Hausarsu daban take, sai na kasa kunne sosai, amma kokon da ta dama mana da safe sai da ya tuna mini da na Innata. Hajiya ta ce in jira ta gama da kasuwa ta raka ni. Ni da ɗoki, na ce ai ina da adireshi a waya, me zai gagara? Sun ce baƙo ko da ido makaho ne, ni har da tabarau na fita.

A tasha ina tambaya, wani saurayi mai 'yar tsintacciyar Hausa a baki ya matso. "Hajiya, hannu? Na san wurin, zo." Ya kai ni wani shago mai gilashi da sanyin na'ura. Mai shagon ya fito da hannun roba, sak wanda na gani a zane, sai dai an manna sunan shagonsa a kai. Ya ce ƙungiyar da nake nema ta rushe tuntuni, zanen ya zama mallakarsa, duk wanda ya kwafa hukuma za ta kama shi. Ya karɓi wayata wai zai duba awon, ya jefa ta a aljihu, ya ce sai na ajiye kafin alƙalami.

Da sayarwa kawai yake yi da ban ga laifinsa ba, su masu zanen ba su hana ba. Ƙaryar ce ta tsaya mini a wuya, da ganin mutum ya kewaye rijiyar da aka haƙa don Allah ya ce tasa ce. Na fita bakin ƙofa na buɗe muryar da nake tsawatar wa 'yan aji da ita ranar Litinin. Da Hausa na yi, da Turanci, har da abin da ban san na iya ba. Mata masu kifi a tsallaken titi suka taso. Wata ƙatuwa a cikinsu ba ta tambayi ba'asi ba, ta shiga ta zura hannu a aljihunsa ta zaro wayar, ta goge ta da zaninta ta miƙo mini. Ita ce kuma ta duba adireshin ta ɗora ni a kan babur ta yi wa mai shi kashedi. Har na dawo Kano wayar tana ƙarnin kifi, ban ji haushi ba.

Wurin da na sha wuya dominsa wani tsohon gida ne, tsakar gidan cike da matattun kwamfutoci. Daga cikinsu suke ciro ƙarafa da wayoyi su haɗa na'urorinsu. Shugabar aikin sunanta Afi, gajeriyar mace mai saurin magana, kullum da sukundireba a soke cikin gashinta. Turancinta gurgu, Faransancina babu, amma muka fahimci juna. Na tambaye ta me zan biya.

Ta ce, "Ba a biya a nan. Abin da kika koya ki koyar. Abin da kika gyara ki mayar inda kika ɗauko, na bayanki ya samu."

Na ce mata a garinmu ma malamai suna cewa zakkar ilimi koyar da shi. Ta sa na maimaita, ta rubuta a bango da alli cikin sauran rubuce-rubucensu.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Na'urar tana da rai irin na jaki: yau ta yi aiki, gobe ta ƙi. Sai aiki ya yi nisa a ɗauke wuta, a dawo a tarar da roba ta zama taliya. Na ƙona yatsa, na ɓata tafi guda, na koyi kwance bakin na'urar in goge in mayar. Da la'asar in na koma Zongo na ji kiran salla, sai kewar gida ta taso mini. Ina kewar ƙarar keken ɗinkin Baba, da hayaniyar yara a lungunmu, har da rigimar maƙwabciyata a kan kwata. Mma Ladi takan zauna kusa da ni tana tsince wake, ba ta cewa komai sai, "Ɗiyata, ci abinci. Mai nema ba ya zama da yunwa."

Daga ƙarshe gaɓoɓin suka kammala. Na haɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, na zura zaren kamun kifi, na ɗaure. Shuɗi na zaɓa, kalar da Ummi take so. Na lanƙwasa shi, yatsun suka damƙe, na ji kamar in yi guɗa. Afi ta karɓa tana murmushi, ta jujjuya, sai murmushin ya ɗauke. Ta ɗora shi kusa da nata hannun. Kaɗan nata ya fi shi.

"Shekararta nawa kika ce?"

"Tara."

"Ƙatuwa ce?"

Ummi kuwa siririya ce kamar ni. Na fita tsakar gida na kira maigidana, na ce ya taimaka ya kai wa Baba waya kasuwa. Ina jin ƙarar keke ta tsaya.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, awon Ummi, yadda tef ya nuna ka ba ni?"

"Na ƙara mana."

"Ka ƙara?"

"Ikon Allah. Rabi, wa yake yi wa yaro ɗinki cif-cif? Rigar salla ma sai an bar mata wurin girma, balle abin da aka ƙetare ƙasashe dominsa. So kike bana ta sa, baɗi ya matse ta?"

Haka ya yi mana duk tasowarmu. Ban taɓa sa rigar salla da ta yi mini daidai ba sai a shekara ta biyu, kuma duk telan kirki a Kurmi haka yake yi. Ni ce ban kawo a raina ba.

Na ce, "Baba, wannan ba kamar riga ba ne. In ya yi mata yawa, wuyan hannunta ba zai iya jan zaren ba. Yatsun ba za su motsa ba."

Can ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Na ɓata ke nan?"

Dariya da kuka suka haɗu mini wuri ɗaya. Na ce, "Ba ka ɓata ba, Baba. Za a sake."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Hajiya Asabe ta gama sarinta, an ɗaure diloli, washegari za ta juya. Da na ba ta labari ta riƙe haɓa.

"Yanzu saboda ɗan yawa za ki zauna a ƙasar da ba ki jin yarensu? Ki ɗauka mu tafi, a cusa tsumma a ciki. Da babu gara ba daɗi."

Na so in bi ta, Allah ya sani. Tsoron hanyar nan ni kaɗai ya cika ni. Amma na hango Ummi ta sa hannu ta lanƙwasa, yatsu sun ƙi motsi, ta cire ta ajiye ta koma bayan ƙofa. In haka ta faru, ko hannun zinare na kawo daga baya ba za ta gwada ba. Na kira maigidana na faɗa masa. Ya ce, "Kin ga za ki iya dawowa ke kaɗai?" Na ce zan iya, ban kuma san ko gaskiya na faɗa ba. Ya ce, "To ki zauna ki gama abin da ya kai ki. Allah ya tsare."

Sabon awon Afi ta ce da hoto za a yi: a ɗora hannun a kan tebur kusa da rula a ɗauka. Wato hannun da Ummi ke ɓoye wa 'yan gidanmu, yanzu baƙi za su gani. Ta ƙi, ta shige ƙarƙashin bargo. Maigidana ya bar wayar a buɗe, ina jin komai. Baba ya rufe shago ya zo da kansa.

"Amaryata, ni na yi laifi, ke za ki fitar da ni kunya. In ba ki taimake ni ba uwarki za ta ce na tsufa, ta ƙwace mini tef."

Sai na ji muryarta kusa da wayar, ƙasa-ƙasa. "Umma, wace kala ce?"

Na ce shuɗi. Ba a jima ba hoton ya shigo, ɗan tafinta a kan teburin, yatsun Baba riƙe da rular.

Sai dai shuɗiyar roba ta ƙare a kan na farkon. Kuma da aka rage zanen zuwa girmanta, ramukan zaren suka yi ƙanƙanta. Afi ta rubuta matsalar a dandalin masu zanen na intanet. Kafin mu dawo daga cin abinci wani mutum a wata ƙasa mai nisa, wanda ban san fuskarsa ba har yau, ya gyara ya turo, ya ƙara da cewa a gaida yarinyar. Wani ɗalibi da layinsa ne a kan na'ura ya ce in wuce gaba. Aka tattara ragowar roba, hannun ya fito tafi ruwan goro, yatsu baƙaƙe, babban yatsa kaɗai aka samu shuɗi.

Na juyo ni kaɗai da hannaye biyu a jaka, naɗe cikin zani. A ɗaya daga iyakokin wani mai duba kaya ya warware zanin, ya ga yatsu, ya yi tsalle da baya yana salati irin nasu. Nan take aka taru, ana nuna ni, na ga abin zai zama wani abu. Ban tsaya bayani ba, na ɗaga ƙaramin na lanƙwasa, ya damƙi biron da ke aljihun mutumin. Wuri ya kaure da dariya. Wata mata ta biyo ni har bakin mota, ta nuna mini hoton ɗanta a waya, shi ma ba yatsu. Na tura mata adireshin Afi da inda zanen yake, ta tambaye ni nawa, na yi ta girgiza kai har ta gane.

Da mota ta shigo da ni Kano ta Ƙofar Mazugal ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. A gida Ummi ta karɓi hannun ta jujjuya, ta ce, "Kin ce shuɗi." Na nuna mata babban yatsan. Ta harare ni, ta sa. Ya zauna daidai, amma maɗaurin da ya zo da shi yana cin fatarta. Baba ya ɗauka ya tafi wurin dukawa a Kurmi, ya dawo an yi masa shafi da jar fata mai laushi da igiyar zugewa. Wannan karon a gabana ya auna, yana faɗin lambar da ƙarfi.

Da aka ɗaura mata, ya zaro dabino daga aljihu ya miƙa. Hagunta ta fara tasowa don sabo, ya janye kaɗan. Ta dube shi, ta ɗago dama, ta lanƙwasa. Dabinon ya faɗi. Ya ɗauka ya sake miƙawa, ya sake faɗuwa. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin har ta riƙe shi. A makon nan ta koma islamiyya, yara suka yi ta layi suna roƙon ta damƙi alƙalumansu.

Na cika alkawarin Afi. Na ɗauki hoton shafin fatar da yadda ake yanka shi na mayar dandalin, na kuma fassara bayanin awo da Hausa. Gargaɗin farko da na sa shi ne, in tela ne zai auna a roƙe shi kada ya bar wurin girma. Daga baya ni da ɗalibaina muka haɗa tamu na'urar da tarkacen kwamfutocin makaranta, tana gardama kamar ta Lome, amma ta yi wa Ummi wani hannun da na farko ya matse, ta yi wa wasu yaran ma.

Babban shuɗin kuwa Baba ya karɓe shi ya rataye a ƙusa a shagonsa, saman keke. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Awon nan daidai yake, yarinyar ce ba ta iso ba."

Bai ga isowarta ba. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, Ummi tana ajin farko na sakandare. Ranar sadakar uku muna tsakar gida ana ƙulla gumba, sai ga ta ta fito daga ɗaki da shuɗin hannun, ashe ta sa ƙanina ya ciro mata shi daga shago. Ta ce na hannunta ya fara matse ta. Na zauna na sake masa zare, na mayar da shafin fatar, na ɗaura mata. Ban rage komai ba, ban cusa komai ba. Ta lanƙwasa, yatsun suka damƙe.

Ta ɗauki tiren gumba ta nufi zaure, inda baƙi suka fi yawa. Ina daga bakin ƙofa ina kallonta tana bi ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa wa kowa da dama, ana cewa Allah ya jiƙan Malam, tana cewa amin.